Layin Malam Buba

Jiya da la'asar ɗaya daga cikinku ya miƙo min waya ya ce, "Malama, duba. Na ce wa ƙirƙirarriyar basira ta rubuta min wakilai goma, kafin shayina ya huce ta gama." Na duba, kuma rubutun ya yi tsaf, ya fi wanda na yi a shekarata ta farko kyau nesa ba kusa ba. Na ce ya sake su a filin gwaji mu gani. Duk kun ga abin da ya faru. Su goman suka ruga wuri ɗaya, suka cushe a bakin ƙofa guda, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya matsa, har lokaci ya ƙare. Kun yi dariya, ni ma na yi. To tunda kun ce bana kuna son shiga gasa, yau mu bar kwamfutocin su huta, in ba ku labarin yadda na koyi aikin nan da wanda ya koya min.

Ga waɗanda ba su jima da zuwa ba, ga yadda gasar take. Masu shirya ta suna can wata ƙasa, suna da babbar kwamfuta da ake kira saba. A cikinta suke zana fili gida-gida, kamar dara amma mai faɗi ƙwarai. Kowace ƙungiya takan rubuta ƙananan manhajoji, su ne wakilai, ta tura su cikin filin ta intanet su kara da na wata ƙungiya. Da zarar an fara wasa, hannunka ya fita, sai kallo. Kowane wakili 'yan gidajen da ke kewaye da shi kawai yake gani, kuma dole ya yanke abin da zai yi cikin daƙiƙu kaɗan, in ya makara a wuce shi. Abin da bai gani ba sai dai ɗan'uwansa ya aiko masa da saƙo. Rubuta wakili ɗaya mai wayo ba wani abu ba ne. Wahalar ita ce goma su yi aiki guda ba tare da sun tattake juna ba.

Ni buga takardu nake yi a wani shago kusa da kasuwar Azare. Na gama sakandare, na yi kwas ɗin kwamfuta na 'yan watanni, sai nake buga wa mutane takardar neman aiki da katin biki. Wata rana da hantsi wani dattijo dogo siriri ya shigo da shafuka bakwai rubutun hannu, ya ce in buga masa su yadda suke, kada in canza ko ɗigo. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Haruffa ne da lambobi da bakuna a jere. Da na gama na ce masa, "Malam, a shafi na uku an buɗe baka sau huɗu, amma sau uku aka rufe."

Ya karɓi takardar ya ƙirga da yatsa. Ya ce, "Kin san abin da kika buga?"

Na ce, "A'a. Amma a sauran shafukan duk abin da aka buɗe an rufe shi."

Ya tambayi sunana, na ce Rakiya. Ya tambayi gidanmu. Bayan kwana biyu ya je ya gaishe da mahaifina, ya nemi izini ya koya min aikin.

Shi ne Malam Buba, Bafulatanin Zadawa ta wajen Misau. Ya yi shekaru yana gyaran layukan tarho, da aka daina yayin tarhon kan tebur sai ya zauna ya koya wa kansa rubuta manhaja daga tsofaffin littattafai. Na ukunmu Obinna ne. Iyayensa daga kudu suka zo, amma a Azare aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Mahaifinsa yana sayar da kayan janareto, kuma ɗakin da ke bayan shagon shi ne ofishinmu. Obinna ke kula da waya da wuta da duk abin da ake kuncewa da sukundireba, yana kuma rubuta ɓangaren da ke haɗa mu da saba.

Wata biyu na farko Malam bai bar ni na taɓa kwamfuta ba. Yakan zaunar da ni da Obinna mu juya wa juna baya, ya ba kowa 'yar takarda mai ɗauke da gefe ɗaya na fili, cikakken filin yana hannunsa. Ni wakili ce, Obinna wakili ne, shi ne saba. Ba a magana. In ina son in gaya wa Obinna wani abu, sai in rubuta kalmomi biyar in miƙa ta bayana. Wani lokaci Malam yakan karɓe takardar a hanya ya sa a aljihu, ya ce, "Saƙon ya ɓace. Yanzu me za ki yi?" Ranar farko na ce sai in jira. Ya ce, "Har yaushe?" Wannan tambayar na yi shekaru ina amsa ta, kuma ita ce wakilan jiya suka kasa amsawa a bakin ƙofa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Kwamfutocin tebur biyu 'yan gwanjo, da ta tafi-da-gidanka guda wadda batirinta ya mutu, in wuta ta ƙifta sai ta mutu tare da shi. Modem ɗin da ke kawo mana intanet kuwa, Obinna ya ɗaure shi a kan gora ya fitar ta taga, domin a nan kaɗai sabis yake tsayawa. Sai abin da Malam yake kira sawu. Kowane wakili, duk takun da ya yi, yakan bar rubutu: na ga kaza, na ji kaza, na yi kaza. Wasa ɗaya yakan bar shafukan da ba za ka karance su a yini ba. Ku kun fi son kallon filin, saboda yana da launi yana motsi. Filin yana nuna maka cewa ka faɗi. Sawu ne yake gaya maka dalili.

Dokokin Malam biyu ne. Duk wanda ya canza wani abu a cikin manhaja, ya rubuta a littafin gyara abin da ya canza, da dalili, da sunansa. Kuma babu layin da zai shiga manhaja sai mutum na biyu ya karanta shi da babbar murya. Haka ya karanta min nawa layi-layi shekara da shekaru, yana tsayawa yana cewa, "A nan me kike nufi?" Sau da yawa kafin in gama ba shi amsa na riga na ga kuskurena.

Gasar farko da aka sa sunana a ciki, aikin kora shanu aka bayar. Fili ne da bishiyoyi da shinge, kowace ƙungiya da garkenta, wanda ya fi shigar da shanu ya ci. Da Malam ya kalli shanun a fuskar kwamfuta sai da ya yi dariya har ya share hawaye. Ya ce, "Wanda ya zana waɗannan bai taɓa kiwo ba. Saniya bin mai ita take yi, waɗannan gudunsa suke."

Obinna ya ce, "To Malam, ai a nan mun fi kowa sa'a. Kai ka taso cikin shanu."

Ya ce, "Ba shanun Zadawa za mu kora ba. Waɗannan za mu kora. Ku zauna mu koyi halinsu."

Mako biyu muka yi muna tura wakili ɗaya kusa da garke muna rubuta yadda yake watsewa. Muka gano in an matsa kusa sosai garken yakan tsage biyu, in kuwa aka tsaya nesa-nesa aka yi masa rabin zobe, yakan tafi a dunƙule. Muka kuma gano cewa ƙofar shinge ba ta zama a buɗe sai wani ya tsaya a gefenta. Saboda haka muka ware wakili ɗaya, aikinsa kawai tsayuwa. Obinna ya sa masa suna Maigadi. Tun daga farkon wasa har ƙarshe bai kori saniya ko ɗaya ba, amma ranar da muka gwada cire shi, ko ɗaya ba ta shiga ba. A wannan gasar muka ci wasanmu na farko, a kan ƙungiyar wata jami'a ta Turai. Malam ya aika aka sayo mana tsire, ya zauna yana karanta sawun wasan yana neman inda muka yi sakaci.

Kada ku ɗauka gasa ce ke ciyar da mu. Gasa sau ɗaya ce a shekara, sauran watannin aikin mutane muke yi. Wanda ba na mantawa shi ne na Alhaji Gambo a Katagum, mai gonar rani a gefen kogi. Ya sa faifan sola, ya sayi injunan ban ruwa guda shida, amma wutar ba ta ɗaukar su gaba ɗaya. Da rana ta fito sai duk su tashi lokaci guda, wuta ta faɗi, duk su mutu, su sake tashi, su sake mutuwa. Ya ce mana, "Ni dai albasata ta sha ruwa. Yadda za ku yi, ku kuka sani." Obinna ya ɗaura wa kowane inji 'yar ƙaramar na'ura da ma'aunin danshin ƙasa, ni na rubuta yadda za su riƙa tambayar juna wa ya fi ƙishi, su bar masa wuta. Mako na biyu Alhaji ya kira ya ce inji na can ƙarshe, wanda ke cikin laka, bai taɓa tashi ba. Na ce ai ƙasarsa ce ba ta bushe ba. Ya ce, "Malama, sama-sama ne take da danshi. Ki zo ki tona ki gani." Na je na tona, kuma ya fi ni gaskiya. Na ƙara doka cewa duk wanda ya daɗe bai sha ba, a ba shi ko da bai yi kuka ba. Abin da mai gona ya koya min na sa shi a cikin wakilan gasarmu daga baya.

To, sai shekarar da ta yi mana tsanani. A lokacin na kusa shekara goma tare da Malam, na yi aure, na haihu, ɗaliban farko na wannan ɗakin ma sun fara zuwa. Aikin da aka bayar na motocin ɗaukar kaya ne a cikin gari. Wakilai goma, kowa mota ce mai batir, su ɗebo kaya daga rumbu su kai inda ake nema. Duk taku yana cin caji. In cajin mota ya ƙare a hanya, ta tsaya ke nan har a gama wasa. Mun raba aikin uku kamar kullum. Ni na ɗauki rabon kaya tsakanin motoci, Obinna ya ɗauki neman hanya, Malam ya ɗauki sha'anin caji: yaushe mota za ta bar abin da take yi ta koma tashar caji.

Tun cikin azumin shekarar na lura da wasu abubuwa. Malam ya ƙara girman haruffan kwamfutarsa har kalma uku ke cika layi. Yakan kusantar da fuska har gilashinsa ya taɓa allon. Wata rana ya zuba shayi gefen kofi, ya yi sauri ya goge da hannun riga. Na yi kamar ban gani ba. Obinna ma ya gani, ya kau da kai. Da Malam ya gama nasa ɓangaren ya ce, "Rakiya, zo ki karanta," na zo na tsaya a bayansa, na ga yadda ya ƙanƙance ido yana neman inda ya tsaya, sai na ji ba zan iya tsayawa ina tone masa layi ba. Na bi da ido sama-sama na ce, "Ya yi, Malam." A filin gwajinmu komai ya tafi daidai, don filin ƙarami ne, ko'ina kusa yake da tashar caji.

Gasar kwana uku ce, cikin damina, ana farawa bayan azahar a agogonmu. Filin da aka buɗe mana ya ninka namu sau da yawa. Rabin farko na wasan muna gaba. Daga nan mota ta bakwai ta tsaya a can ƙuryar gari da kaya a bayanta. Sai ta biyu. Sai ta tara. Kafin a tashi shida daga cikin goma suna tsaye cik. Muka ɗauka sabis ne, don ana ruwa. Obinna ya hau kwano cikin ruwan ya ƙara ɗaga gorar modem, ya sauko jiƙe sharkaf. Wasa na biyu ma haka aka yi. Malam yana zaune ya haɗa hannuwa, bai matso kusa da allo ba. Da muka tashi ya ce idonsa ya gaji, gobe in riƙa karanta masa sawu yana saurare.

Washegari na kai yara makaranta na wuce ofis da sassafe, Malam bai iso daga gidan ɗan yayarsa inda yake sauka in ya zo Azare ba. Na bi sawun mota ta bakwai taku-taku. Cajinta ya sauka zuwa arba'in, tana tafiya. Talatin, tana tafiya. Ashirin, goma, tana ta tafiya. Sai da ya kai uku sannan ta juya tana neman tasha, ta yi taku uku ta mutu. Na buɗe ɓangaren Malam. Mun yi yarjejeniya tun farko cewa in caji ya sauka ƙasa da talatin mota ta koma. A layin, uku aka rubuta. Sifirin bai shiga ba. Ya danna madannin bai kama ba, idonsa kuma bai nuna masa ba.

Na kira Obinna daga shago na nuna masa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Rakiya, saka sifirin mu yi shiru. Mu ce sabis ne. In dattijon nan ya ji, ban san yadda zai yi ba."

Dokar gasa ta yarda a yi gyara tsakanin wasa da wasa. Na saka sifirin. Na ɗauko littafin gyara na buɗe, na riƙe biro, sannan na rufe shi na mayar ban rubuta komai ba.

Bayan azahar aka fara wasa na uku. Malam ya zauna a gefena ya rufe ido, ina karanta masa sawu yadda yake fitowa. Ta ɗaya ta ɗauki kaya. Ta shida ta sauke. Can wajen tsakiya na karanta, "Ta huɗu, caji ashirin da tara, ta juya zuwa tasha."

Ya ce, "Maimaita."

Na maimaita. Ya gyaɗa kai. Motocinmu goma duk suka kai ƙarshen wasa da rai, muka ci da tazara mai kyau. Obinna ya fara cewa, "Kun gani, yau da sabis ya tsaya..." Malam ya ɗaga masa hannu.

Ya ce, "Rakiya, jiya da caji nawa suke juyawa?"

Na dubi Obinna.

Ya ce, "Jiya ina zaune a nan. Ko sau ɗaya ban ji ɗayanku ya ce mota ta shiga tasha ba. Yau sun shiga. Sabis ba ya koya wa mota komawa gida. Buɗe layina ki karanta min. Na jiya, ba na yau ba."

Na buɗe na karanta. Da na zo kan ukun, muryata ta yi ƙasa. Ya ce in ɗaga murya, na ɗaga. Ya cire gilashinsa ya ninke ya sa a aljihu.

Ya ce, "Tun yaushe kika san ba na gani sosai?"

"Tun azumi, Malam."

"Kai fa, Obinna?"

"Kusan lokacin ne, Malam."

Ya ce, "Ni tun kafin azumi. Likita ya ce ciwon suga ne ya taɓa jijiyar idon, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Na ce bari in yi wannan gasar tukuna sannan in gaya muku. Ɗauko littafin gyara."

Na ɗauko. Ya ce in rubuta yadda zai faɗa. "Layin caji. An rubuta uku a maimakon talatin. Wanda ya rubuta, Buba. Dalili, ba ya gani, kuma ya ɓoye."

Na ce, "Malam, wannan ba sai an rubuta ba."

Ya ce, "Rubuta. Wata rana wani zai buɗe littafin nan yana neman dalilin da ya sa muka faɗi wasa biyu, kada ki tura shi kan kwano yana neman sabis." Na rubuta. Ya ce, "Ci gaba. Wadda aka ba ta karanta, Rakiya. Ba ta karanta ba. Dalili..." Ya tsaya. "Ke za ki faɗi dalilin."

Na ce, "Kunya."

Ya ce, "To rubuta kunya." Da na rubuta ya ce, "Na san don ni kika yi. Allah Ya yi miki albarka. Amma shekara goma ina karanta naki, ban taɓa yin haka don na raina ki ba. Ranar da kika ce min ya yi, na ji a muryarki ba ki karanta ba, kuma na ji daɗi, don tsoro nake ji ki gano. Wannan ma laifina ne. Ƙara shi a ƙarƙashin sunana."

Obinna ya ce, "Malam, ni na ce mata mu yi shiru. A sa nawa."

Ya ce, "A sa naka. Ka kuma je ka sha magani, tun ɗazu nake jin kana tari."

Littafin yana nan a cikin durowar can. Wanda yake so ya duba bayan mun tashi, shafin yana da alamar jan zare.

Wasa biyun da muka rasa sun riga sun fitar da mu daga zagaye na gaba. Wasan kwana na uku ko mun ci ko mun faɗi bai canza komai ba. Duk da haka Malam ya zo da wuri, ya ce kafin a fara in karanta masa ɓangarensa gaba ɗaya, daga layin farko har na ƙarshe. Muka yi awa biyu. Muka sami wani ƙaramin kuskuren kuma, muka gyara, muka rubuta. Da aka fara wasa na ci gaba da karanta masa sawu. Can ya ce, "Ta uku da ta takwas suna yawan amsa kira ɗaya a tare. Wannan a ɓangarenki yake. Kina ji?" Na saurari abin da nake karantawa da bakina, sai na ji shi. Wata uku ina kallon wannan sawun da ido ban gani ba. Ya ce in rubuta a ajiye saboda baɗi. Wasan mun faɗi da ɗan kaɗan.

Da aka tashi ya ce in raka shi tashar mota kafin motar Misau ta cika. Na ɗauki jakarsa. Ruwa ya ɗauke, hanya duk taɓo. Muna fita daga shago ya tsaya a bakin kwalbati yana lalube da ƙafa. Obinna ya miƙa masa hannu, ya kama. Wannan ne karo na farko da ya yarda aka riƙe shi. Muka tafi a hankali, Obinna yana ce masa ga rami, ga dutse, ni ina biye da jaka.

A tasha direba ya ba shi gaban mota. Da ya ga ina gyara masa jakar a ƙafa ya ce, "Baba, 'yarka ce?"

Malam ya ce, "Ɗalibata ce a da. Yanzu ita ce shugabar ƙungiyarmu."

Direban bai san wace ƙungiya ba, ya ce Allah Ya taya riƙo. Ni ma a lokacin na fara ji. Na ce, "Malam, ai ba mu yi wannan maganar ba."

Ya ce, "Yanzu muka yi. Baɗi sunanki za a sa a sama. Hannuna ya fita daga madannai, amma kunnena yana nan, in kuna so."

Na ce muna so.

Motar ta tashi. Na tsaya sayen kayan miya, Obinna ya riga ni komawa. Da na shiga ofis na tarar ya janye kujerar Malam daga gaban kwamfuta, ya kai ta can gefen da ƙarar janareto ba ta kaiwa, dab da inda nake zama, har ya sa mata matashi. Da damina ta kewayo, Malam ya sauko daga motar Misau da sanda a hannu, jikansa ya kawo shi har ƙofa. Ya lalubo kujerar ya zauna, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "To shugaba, daga ina za mu fara?"

Na ce, "Daga layukana, Malam."

Na buɗe na fara karantawa.